Jan-baki da Masu Kyamara a Gonar Ƙanwata

Mun tashi daga Jega da asuba, ana sallamewa daga masallaci, ni da baƙi biyu daga Abuja masu shirya fim ɗin tsuntsaye. Namijin ke riƙe da kyamara, macen kuma da na'urar ɗaukar sauti mai gashi kamar jelar kyanwa. Malamar ajinmu na yaƙi da jahilci ce ta haɗa mu, don ta san ƙanwata na da gonar gero a Mungadi, kuma jan-baki, tsuntsun nan mai cin hatsi, ya sauka can bana. Na yarda ne don ni ma mai kallon irin finafinan nan ce a wayar jikata. Akwai wanda ya sa ni hawaye a kan wata tsuntsuwa da iska ta watsa wa sheƙa.

Aliero muka fara zuwa, don suna son balbela. Muka karya da waina mai zafi a bakin tasha. Albasa ta yi tsada, ba lokacinta ba ne, har mai wainar na yanka ta siriri kamar za a yi magani. Mai kyamara ya kwanta rub-da-ciki a taɓo yana bin balbela guda. Wani tsoho ya tsaya kansa da sanda ya ce, "Yaro, mi ta ci maka?"

Daga nan muka juyo ta Jega muka kama hanyar Maiyama. Damina ta cinye gefen titi, motar na rawa da mu har muka sauka kwalta. La'asar ta same mu a Mungadi.

Ƙanwata mijinta ya rasu bara. Geron nan shi ne tuwon 'ya'yanta biyar har wata damina, kuma tsuntsu ya riga ya cinye gefen gabas. Mun iske ta tsaye kan rumfar kora, ta zagaye gona da igiya mai rataye da gwangwanaye, tana ja tana ihu. Muryarta ta dishe, tafin hannunta duk ya tsage.

Sai ga tsuntsayen sun taso daga fadama kamar hadari. Gaskiya suna da kyau, ni ma sai da na saki baki. Mai sauti ta matso da ladabi ta ce wa ƙanwata ƙarar gwangwani na ɓata musu aiki, ta ɗan dakata minti goma su sauka a ɗauka. Mu kuwa mutanenmu kunyar baƙo ke kashe su. Ƙanwata ta ce, "To, ba komi," ta saki igiya. Ina kallo zangarniya ta fara lanƙwasa don nauyinsu.

Ban san sa'ad da na hau rumfar ba. Na fizgi igiya da hannu biyu, na kware baki har sai da suka tashi gaba ɗaya.

Mai kyamara ya ce, "Haba Hajiya! Su ma fa halittar Allah ne, abinci suke nema."

Na ce, "Ɗana, marayun wagga mata halittar wa na? Minti goma da kuka so, kwano nawa na na hatsi? In kuna son shiru, ku tai fadama inda suka kwana. Nan gona ta!"

Ƙanwata na ja mini zane wai in bari, baƙi ne. Ban bari ba. Na ja igiyar nan har rana ta faɗi. Can na hango ya juya kyamara wajenmu. Ko zai saka mu a fim ɗin, ko zai yanke, oho. Geron dai yana tsaye muka baro shi.

Washegari na dawo Jega ba murya, kafaɗa kamar an doke ni. Ban daina tausayin tsuntsu ba, kuma ban daina kallo ba. Amma yanzu in na ga an nuno dabba cikin shiru mai daɗi, an sa mata kiɗa mai sanyi, sai in tambayi kaina: wace mata aka ce wa ta saki igiya kafin a samu wannan shirun?