Agwagin Dede da Baba Tsoho

A makon jiya ina neman maɓallin rigar makarantar 'yata a cikin tsohon gwangwanin biskit da nake tara tarkacen ɗinki, sai hannuna ya ci karo da wani kwanson harsashi. Jan roba ne mai gindin tagulla, bakinsa a buɗe, babu komai a ciki. Ban san sanda na kai shi hanci ba, wai ko zan ji sauran ƙaurin albarushi. Ya daɗe da tafiya. Yarinyar ta tambaye ni mene ne wannan, da Turanci kamar yadda ta saba, na ce ta zauna in ba ta labari. Kai ma mai karatu sai ka gyara zama.

Ina 'yar shekara goma aka kawo kakana na wajen uba Landan neman magani. Muna zaune a wani dogon benen council, irin gidajen hayar hukuma, a unguwar Edmonton, can sama, inda in lift, na'urar hawa bene, ya lalace sai mutum ya haƙura da burodi a ranar. Babana ɗan jarida ne, yana fita aiki Aldwych, can tsakiyar birni, tun gari bai waye ba, mamana kuma tana aiki a kantin magani. Baba Tsoho muke ce wa kakan nawa. Shi kuma Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Mutumin fadama ne, daga wajen Haɗeja. Ya yi noma, ya yi su, amma abin da aka fi saninsa da shi harbin agwagwar ruwa. In damina ta wuce ruwa ya kwanta, kirinjijiya da dinya suka sauko, to lokacinsa ya yi. Wannan mutumin a bakin babana kawai na san shi. Wanda aka kawo mana wani siririn tsoho ne mai ciwon zuciya, wanda numfashi ke yi wa wuya daga ɗaki zuwa banɗaki. Likitoci suka ce za a yi masa aiki, amma sai ya yi ɗan ƙarfi tukuna. Shi kuwa ya ƙi abinci. Mamana ta tuƙa tuwo, ta yi fate, ta nemo busasshen kifi a kasuwa, ya ɗan taɓa ya ture kwanon, ya sa mata albarka. Maganarsa ɗaya ce kullum, a mai da shi gida. Ni kuma Hausata ta fara zubewa a lokacin. In ya yi mini magana ina ji sarai, amma amsa da Turanci take fitowa, sai ya bi ni da kallo.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wani tsohon Baturke ce, gajere kakkaura mai farin gashin baki, wanda ya yi ritaya daga gyaran mota. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse. Jikokinsa Dede suke ce masa, wato kaka, har duk benen ya ɗauka. Wata rana cikin Agusta muna dawowa daga asibiti, muka tarar da shi a bakin lift, buhunsa ya yage, agwagin roba sun watse a ƙasa. Baba Tsoho ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa cikinta da ɗan yatsa. Sai na ji ya yi dariya. Tun zuwansa ban taɓa jin dariyarsa ba.

"Uwata, tambayi mutumin nan, wa yake yaudara da wannan?"

Na tambaya. Dede ya ce yana jera su a kan ruwa ne don na sama su ga 'yan uwa su sauko. Baba Tsoho ya ce in gaya masa su a can ƙorai suke kifawa a ruwa har agwagi su saba da su, sannan maharbi ya ɓuya a tsakani. Na yi ta kame-kame, don ban san ƙwarya da Turanci ba, na koma kwatance da hannu. Kafin mu shiga gida Dede ya riga ya gayyace mu shayi.

Haka muka fara zuwa kicin ɗinsa da yamma. Farkon Satumba ake buɗe harbin agwagwa a ƙasar nan, don haka shiri yake yi. Teburin cike da gwangwanayen fenti, igiya, da ragar ɓuya mai kalar ciyawa. Ɗakin yana warin man bindiga da baƙin shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi. Baba Tsoho ya karɓi aikin shafa wa agwagin fenti, yana ƙorafin cewa ƙyallinsu ya yi yawa, tsuntsu ba wawa ba ne. Bindigar tana kulle a cikin akwatin ƙarfe da aka kafe a bango. Dede ya nuna mana takardar izininsa, ya ce har 'yan sanda suna zuwa duba akwatin. Wata rana yana bayani ya ce barut da Turkanci, sai Baba Tsoho ya ɗaga kai ya ce albarushi. Suka yi ta maimaita wa juna kamar yara sun tsinci abin wasa. Sauran maganar duk ta bakina take bi, kuma a nan ne Hausata ta fara dawowa, don in na fassara ba daidai ba su biyun suke harara ta.

Babana bai ji daɗin wannan abota ba. Ya kira ni ɗaki ya ce kada in kuskura in ambaci bindiga a makaranta ko a matakala. Ya ce mu baƙi ne, baƙaƙe, Musulmi, kuma kalma ɗaya in ta faɗa kunnen da bai dace ba sai ta jawo mana abin da ba mu zata ba. A lokacin na ɗauka faɗa ne kawai. Sai da na girma na gane tsoro ne, da nauyin uba marar lafiya a hannunsa.

Ranar wata Asabar Dede ya ce za shi sayen harsashi, ko za mu raka shi. Babana yana wurin aiki. Mamana ta naɗe wa Baba Tsoho wuya da mayafi ta ce mu je, ita za ta yi bayani.

Kantin yana wani ƙauye bayan an fita Landan, kusa da masu sayar da abincin dawaki. Kwalaye ne jere har rufi, kowanne da lambarsa. A kan kanta akwai 'yan kwalabe da aka zuba ƙwayoyin harsashi don mai saye ya gani, daga masu kamar gero zuwa masu kamar wake. Baba Tsoho ya sa aka zuba masa a tafi. Ya jinjina, ya yamutsa fuska, ya ce wannan ba darma ba ce, ba ta da nauyi, a kawo ta gaskiya. Mai kantin ya ce ƙarfe ne, an hana harbin tsuntsun ruwa da darma. Ya yi bayani cewa ƙwayoyin da ba su sami komai ba suna nutsewa cikin laka, agwagi su haɗiye su tare da tsakuwa, gubar ta ci su a hankali har su kasa tashi.

Na fassara. Baba Tsoho ya sa na sake faɗa. Sai ya tsaya yana kallon tafinsa.

"Nakan tsince su a cikin ciyawa, sun rame, fuffuke ya saki, babu rauni ko ɗaya a jikinsu," in ji shi. "Mukan ce ciwon shekara ne."

Ya mai da ƙwayoyin cikin kwalba ɗaya bayan ɗaya, bai bar ko guda ta faɗi ba. Dede bai nemi fassara ba, ya dafa kafaɗarsa kawai.

Daga nan gardama ta tashi a kan lamba. Dede yana son ƙanana, lamba biyar, don sun fi yawa a cikin kwanso, sun fi bazuwa. Baba Tsoho ya ce tunda ƙarfe ba shi da nauyi a ɗauki manya, don gara a kuskure tsuntsu gaba ɗaya da a ji masa ciwo ya tafi ya mutu a wani wuri, ga haƙƙi ga mushe. Mai kantin ya ce kowannensu yana da gaskiyarsa, ya danganta da nisa. Na gaji da kai magana da kawowa. A ƙarshe Dede ya ɗauki lamba uku, masu ɗan girma, yana gunaguni da Turkanci. A mota ya miƙa mana gurasa mai cuku, Baba Tsoho ya cinye tasa suna ci gaba da musu. Da muka koma gida ya ci tuwo har ya nemi ƙarin miya.

Wannan ƙarin miya shi mamana ta kafa hujja da shi da Dede ya gayyaci Baba Tsoho zuwa harbi. Babana ya yi fushi, ya ce mai ciwon zuciya ba ya zuwa cikin sanyi da laka. Ta ce to a tambayi likita. Likita ya ce in za a rufe shi da kyau, kuma ba zai yi doguwar tafiya ba, ya je. Babana ya yarda da sharaɗin da shi za a tafi.

Wurin harbin gonar wani abokin Dede ce a Essex, mai wani tafki da ciyawa ta kewaye. Mun yi sallar asuba a gefen mota, tsofaffin biyu da babana, ni a baya. Ƙasa na warin gishiri da ruɓaɓɓen ganye, raɓa ta jiƙa komai. Dede ya shiga da dogayen takalman roba ya jera agwaginsa, Baba Tsoho yana zaune a kujerar naɗewa cikin bargo yana nuna masa da hannu inda iska ta dosa. Babana yana tsaye da takalmin ofis, hannu cikin aljihu, kamar wanda aka kawo shaida.

Gabas ta fara ja sai muka ji fiffikarsu a sama. Sun wuce can nesa, ba su ko kalli namu ba. Baba Tsoho ya dunƙule hannu a baki ya yi wani siririn fito mai hawa da sauka, irin wanda yake yi wa kirinjijiya. Ban yi zaton agwagin Ingila za su ji ba, amma wasu 'yan kaɗan suka karkato. Dede ya sa harsashi ɗaya, ya miƙa wa Baba Tsoho bindigar, ya tsaya a kafaɗarsa. Baba Tsoho ya miƙe, bargon ya zame, ya yi bisimilla, ya bi su da bakin bindiga. Ƙarar ta cika wurin. Babu abin da ya faɗo.

Ya tsaya yana haki, mu kuma muna kallon ƙirjinsa. Sai ya fashe da dariya, ya ce in gaya wa Dede laifin ƙarfe ne. Ya buɗe bindigar, ya zaro kwanson ya sa mini a hannu da sauran zafinsa.

"Riƙe, Uwata, ki ɗumama hannu."

Bai sake karɓar bindigar ba. Ya koma kujera ya ci gaba da fito, kuma da garke na gaba ya zo Dede ya kayar da ɗaya. Ta faɗa cikin ruwa tana bugun fuffuke. Karen Dede ya mutu tun bara, shi kuma gwiwoyinsa ba sa sauri, ga shi in ba a yanka ta da rai ba an yi asara. Ban ga sanda babana ya fizgi wuƙa daga jakar Dede ba. Sai ganinsa na yi cikin laka har gwiwa, da wandon ofis. Ya kamo ta, ya haɗe fuffuken a hannu ɗaya, ya fuskanci gabas ya yanka, cikin ƙwarewar da ban taɓa zaton yana da ita ba. Ya fito da takalmi ƙafa ɗaya.

Baba Tsoho ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya gaya mini a hankali cewa kafin boko ta ɗauke shi, babana ne mai ɗauko masa agwagin da ya harbo, kuma duk fadamar babu yaron da ya kai shi iyo. Da babana ya iso yana rawar sanyi, tsohon ya cire bargon ya yafa masa. Babana ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa har rana ta fito sosai.

An yi aikin cikin hunturu, kuma Allah ya ba da sa'a. Da ya samu sauƙi ya koma gida, ya ƙara wasu shekaru masu albarka. An ce bai sake harbi ba. Yakan tare samari ya yi musu zancen darma, wasu su saurara, wasu su yi murmushi, don ko sun yarda ba a sayar da na ƙarfe a kasuwarsu. Ranar da labarin rasuwarsa ya zo, Dede ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da tukunyar miya, ya zauna cikin masu gaisuwa har yamma. Shi ma bai daɗe ba ya bi shi.

Yanzu an ce ciyawar kacala ta cinye mafi yawan fadamar, agwagi sun ragu, jikokin maharba sun koma acaɓa a birni. Tsohon benenmu an sake masa fenti, an cika shi da mutanen da ba su san juna ba. Ni ma ban san sunan wanda ƙofarsa ke kallon tawa ba, kuma abin yana damuna fiye da yadda nake nunawa.

Babana ya yi ritaya, ya kai shekarun da mahaifinsa ya zo mana. Ya fara yawan shiru, mamana tana ƙorafin ba ya cin abinci. Na yi mana booking, na kama mana gurbi, a wani wurin kallon tsuntsaye a bakin teku don farkon Satumba, ba bindiga, ido kawai, da jikokinsa. Da na gaya masa ya ce shirme ne, wa zai bar ɗaki mai ɗumi ya tafi cikin laka. Jiya mamana ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ya fita shi kaɗai ya sayo takalman roba, yanzu haka yana ta zagaya falo da su, wai don su saki.