Kunnen Ƙanena na Hagu

Mun tashi da asuba daga Dogon Dutsi, ni da ƙanena, a kar, wato bas, wadda ta cika har bakin ƙofa. Shekara biyu ke nan yana tangaɗi in yana tafiya. Ni kafinta ne, tare muke rufin kwano, kuma da bakina na kore shi a gaban ma'aikata, na ce ƙwaya yake sha. Ya rantse, ban yarda ba. Innarmu ce ta matsa mini in kai shi Yamai a duba shi.

A Doso aka tsaya. Mata suka yanyame kar da kopto, kwaɗon zogalen Zabarmawa, na dala ashirin ya ishi ƙato. Na ci nawa, na ci nasa. Shi ya runtse ido, ya riƙe kujerar gaba, ko ruwa bai sha ba. Na ɗauka fushi yake da ni.

A Yamai mun sauka a unguwar Bukoki wurin wani tela ɗan garinmu. Mai taksin da ya kai mu ya yi ta zuba mini Zabarmanci, ni kuwa daga fofo, wato sannu, na ƙare. Da muka ratsa kasuwar Katako na ga katakai jibge, har na so in sauka in tambayi kuɗi.

Washegari muka ga likitar kunne. Ta sa shi ya haɗe ƙafafu ya rufe ido, nan take ya karkata, sai da na tare shi. Ta ce ya yi ta taka ƙasa a wuri ɗaya, ido rufe. Ya yi ta juyawa hagu bai sani ba, har ya fuskanci bango. Daga nan ta sa masa wani babban tabarau, ta zuba masa ruwan ɗumi a kunne, sannan mai sanyi. A kunnen dama idanunsa suka yi ta rawa a allon na'ura, ya yi amai. A na hagu, shiru.

Ta dube ni ta ce, "Malam, abin da ke daidaita tsayuwar mutum yana can cikin kunne. Nasa na hagu ya daina aiki, kuma ya daɗe. A haka yake hawa rufi?"

Ƙanena ya ce, "Yaya ya hana ni hawa tuni."

Ko a gaban baƙuwa bai tona ni ba.

Ta koya masa motsa kai da ido da zai riƙa yi kullum. Ta ce zai samu sauƙi, amma tsani ya bar shi ke nan.

A hanyar dawowa na ba shi kafaɗata ya jingina. Mun iso gida da la'asar, ban ko cire takalmi ba na tara ma'aikatan nan, na ce ƙarya na yi masa. Suka sunkuyar da kai. Tafiyar sa'o'i kaɗan ce zuwa Yamai, ni kuwa na ɗauki shekara biyu ina zargin ɗan uwana kafin in yi ta. Ya ce ya yafe. Mutanen unguwa dai har yanzu wasu na kiransa ɗan ƙwaya, kuma daga bakina suka ji.