Layin da Tsatsa Ta Fi Ci

A unguwarmu ta Karmuz, idan mutum zai sayi mota makanike yake nema, idan kuwa gida zai kama sai ya nemi Usta Mitwalli mai fentin mota. Shi ba dillali ba ne, bai taɓa sayar da ko akurkin kaji ba. Haka dai muka taso muka tarar, ango ba ya karɓar makullin gida sai Usta ya je ya zagaya unguwar ya dawo.

Garejinsa yana bayan layin tarago, doguwar rumfa ce mai warin tina, ruwan da ake sirka fenti da shi. Gajeren mutum ne mai kaurin wuya, gashin bakinsa ba ya rabuwa da ɗigon fenti, har masu shan shayi a gefen garejin sukan dube shi su faɗi launin motar da ya fesa ranar. Ba shi da yawan magana sai an taɓo fenti. To nan fa sai ka nemi wurin zama. Kada ka wanke mota rana tana tsaka, ruwan zai bushe ya bar mata tabo. Kada ka kusanto ta da garin sabulun wanki, ai ba zanen gado ba ce. Kashin tsuntsu kuwa, in ka bar shi ya kwana, ya ci fenti ya sha ruwa. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne ya ga mutum ya ɗauki busasshen tsumma yana goge ƙura. Ya taɓa tsallaka titi ya ƙwace tsumma a hannun wani baƙon da bai taɓa gani ba, ya ce masa in samfefa yake so ya zo gareji a ba shi kyauta.

Yadda yake duba unguwa ma da motocin ne. Ba ya shiga gidan, ba ya hawa bene, ba ruwansa da famfo ko makewayi. Hannu a baya yake bin layin, kansa a ƙasa, yana duba motocin da suka kwana a wurin. In ya ga dogon karce na makulli a jikin ƙofofi, sai ya ce maƙwabtan masu riƙo ne, a nemi wani wuri. Loɓawar ƙwallo a bonet ba ta damunsa, wannan unguwa ce mai yara, akwai rai. Rufin mota ya koɗe, babu inuwa, ɗakunan sama za su zama tanda da bazara. Ɗigon bula a gilashi kuwa, matan sama suna shanya ba sa leƙa ƙasa, amma irinsu ne ke aiko da abinci ranar rashin lafiya. Sau da yawa yakan dace, wani lokacin kuma ya kuskure, sai dai mutanen Karmuz ba sa tuna kuskurensa.

Doka ɗaya ce ba ya sassautawa, kada a kusanci teku. Iskar gishiri, in ji shi, ba ta sallama. Ta ƙarƙashin taya take farawa, ta bi gefen ƙofa, fenti ya yi ƙuraje, kafin ka farga mota ta zama rariya. A garin da rabin mutanensa ke mafarkin taga mai kallon ruwa, shi yakan ce teku na masu kamun kifi ne da marasa mota. Tasa motar, tsohuwar Fijo ruwan madara, da hannunsa ya haɗa launinta, kullum tana cikin rigarta ta yadi mai ratsi. Ranar Juma'a yake tuɓe mata rigar da safe, ya wanke ta a inuwa, ya shafa mata man gogewa a hankali yana ɗan waƙe-waƙe.

Abin dariyar, ko abin tausayin, matarsa Ni'imat ɗiyar masunci ce daga unguwar Anfushi ta bakin ruwa. A gidan da aka haife ta, in iskar hunturu ta taso har kan tabarma feshin ruwa yake zuwa. Ya auro ta ya kawo ta Karmuz, inda tagarta ke kallon bayan gidan burodi. Tun tana amarya take cewa su koma bakin ruwa, shi kuma yana cewa baɗi. Aka haifi ɗansu Sabri, ya girma, ya yi aure ya tafi Alƙahira, baɗin ba ta zo ba. Wani lokaci yakan ɗauke ta bayan sallar Juma'a, ya ajiye motar can nesa, su taka zuwa gaɓa. Ta zauna a kan katangar bakin ruwan, iska tana wasa da mayafinta. In ya ce ai ga shi ta gani, sai ta ce teku ba ziyara ake kai masa ba, maƙwabtaka ake yi da shi. Suna dawowa gida zai ɗauko bokiti ya ɗauraye ƙarƙashin motar.

Sai ciwon suga ya taɓa mata ido. Likita ya duba, ya ce aiki ba zai yi ba, ganin zai riƙa raguwa ne kaɗan-kaɗan, abin da take son gani ta gan shi yanzu. A hanyar komawa, da suka tsaya a mahaɗar tarago, ta juyo gare shi.

"Baban Sabri, ban taɓa roƙonka zinare ba. Ka kai ni inda zan buɗe taga in gan shi, tun ina iya gani."

Ya ce to. Har ga Allah da gaske yake. Washegari ya rufe gareji ya nemi Farag, wani dillali mai siririn wuya da ya daɗe yana jin haushinsa saboda cinikin da yake ɓata masa. Farag ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yau ga mai wa'azi a gidan rawa. Suka shiga unguwar Bahari ta kusa da teku, layi bayan layi.

To amma hali zanen dutse. Farag yana nuna baranda, Usta yana leƙen ƙarƙashin motoci. Duk layin da ya ga fenti ya yi ƙuraje sai ƙafarsa ta ƙi tsayawa, ya ce a ƙara gaba. Can suka faɗa wani lungu mai tsabta, motocinsa sumul, ko ɗigon tsatsa babu, ga shi ana jin kukan tsuntsayen ruwa. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ya ce ga bakin teku ga lafiyar mota, Allah ya haɗa masa biyu. Farag ya ce ya hau ya duba tagar mana. Ya ce shi bai taɓa hawa bene don duba gida ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba.

Ranar da suka tare, Ni'imat ta riga kaya hawa. Ta buɗe tagar ɗaki, bango. Ta buɗe ta falo, wani dogon bene ne ya tsaya mata a gaba, da shanyar mutane. Shi ne ya tare iskar, shi ya sa motocin layin suke ƙyalli. Ana jin ƙamshin ruwan, in gari ya yi shiru har motsinsa ana ji, amma ko tafin hannu ba a gani. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce gidan yana da kyau, Allah ya sa albarka, ta shiga jera tukwane.

Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ya san ya yi kuskure, amma girman kai ya hana shi faɗa, ya riƙa gaya wa kansa ai an matso, saura ƙiris, bari hunturu ya wuce. Hunturun kuwa ya zo da ruwa da iska kamar yadda ya saba. Usta yakan zauna a gareji bindigar feshi a hannu, ya tafi tunani. Sai ya ga kamar rumfar ta cika da ruwa, motoci suna lilo a hankali, ga Ni'imat tana yarinya tana tafiya a kan rufinsu ba takalmi, tana tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Wani mai tasi ya kawo mota a yi mata baƙi da rawaya irin na tasin garin, ya dawo ya tarar Usta ya haɗa wani shuɗi mai duhu yana ta juya shi a gwangwani, bai ma san me zai yi da shi ba.

Wata safiya tana zuba masa shayi, ya ga shayin yana sauka a kan faranti, gefen kofin, ita kuwa tana ta zubawa tana ba shi labarin matar maƙwabci. Ya ɗauki kofin da babu komai ya kai baki, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Bai je gareji ba ranar. Ya tarar da Farag a teburin mai shayi yana cin wake da burodi.

"Tashi mu je."

"Ina kuma, Usta? Wani lungun za mu nemo wa Fijo?"

"Ka kai ni layin da ka san motocinsa sun fi lalacewa."

Farag ya ajiye burodin, ya dube shi, bai ƙara tsokana ba.

Wannan karon ma kansa a ƙasa yake tafiya, don bai iya wata hanyar ba. Sai dai abin da ya saba gudu shi yake bi. Inda ya ga ƙuraje a gefen ƙofa sai ya ce da saura. Inda fenti ya fara ɓarewa ya ce an kusa. Suka bi tsatsa tana ƙaruwa, har suka ɓullo wani layi a Anfushi inda wata tsohuwar mota ke tsaye, ƙasan ƙofarta ya cinye har kana hango titi ta ciki. Usta ya durƙusa ya shafa wurin, jan gari ya biyo yatsunsa. Duk rayuwarsa bai ga ɓarna irin wannan ba, kuma bai taɓa jin daɗin ganin ɓarna ba sai ranar. Ya ɗaga kai. A hawa na uku akwai baranda da aka rufe tagoginta da katako, gishiri ya cinye koren fentinsu.

Ya hau. Gwiwoyinsa suna ƙara, yana hutawa a kowane hawa. Da mai gidan ya tura tagar, haske ya buge shi har ya ja da baya. Ga ruwa nan shimfiɗe har inda ido ya gaza, ƙananan jirage masu launi-launi suna rawa a kansa, wani masunci yana ɗinkin koma a gaɓa. Ya tsaya yana kallo, ya rasa yadda aka yi ya shekara sittin da wani abu a garin nan bai taɓa kallonsa daga sama ba.

Kafin mai gidan ya gyara famfo, kafin a kwashe kayan tsohon ɗan haya, bazara ta shigo. Farag ya ce ya bar motar a gareji mana, ya riƙa hawa tarago. Usta ya ce a'a, mai ciwo a gida, dole mota ta kwana a ƙofa. Ranar tarewa ya ajiye ta a bayan waccan mai cinyayyar ƙofa, ya fito, ya ɗan dafa rufinta, ya zagaya ya buɗe wa Ni'imat.

Da hantsi ne. Ta riƙe hannunsa suna hawa, tana lalubar matakala da ƙafa. Tun daga hawa na biyu ta tsaya ta ja numfashi, ta ce wannan iskar gidansu ce, ta babanta. Ya buɗe ƙofar baranda, ta saki hannunsa ta fita da kanta, ta kama ƙarfen. Iska ta ɗaga mayafinta. Fuskarta ta saki, har ya hango yarinyar da ya gani a Anfushi shekarun baya tana ɗauke da kwandon kifi.

"Kai, Baban Sabri. Ka ga shuɗi? Yana nan yadda na bar shi."

Sai a lokacin ya lura da inda ta fuskanta. Ta ɗan karkata hagu, idonta a kan bangon gidan maƙwabta, wanda rana ta haske. Tekun yana damanta.

Ya tuna hunturun da ya bari ya wuce, da duk baɗin da ya yi ta faɗa, ya ji baƙin ciki ya danne shi har ya kama ƙarfen shi ma. Bai sani ba ko hasken bangon take ɗauka ruwa, ko kuwa ta san ba ta ganin komai, tana faɗa ne don kada ya ji ciwo. Bai tambaya ba, har yau kuma bai tambaya ba.

"Na gani," ya ce. "Tsaya, mayafinki zai tashi."

Ya kama kafaɗunta kamar mai gyara mata mayafin, ya juya ta a hankali zuwa dama, har iskar ta daki fuskarta sosai. Ta lumshe ido ta yi murmushi. Ya bar hannunsa a kafaɗarta, suka ci gaba da tsayuwa.