Tsohon da Muka Sa a Hanya

Yayana direba ne a hanyar Kano zuwa Katsina, har ranar da ɓarin jikinsa ya shanye. Daga nan duniyarsa ta koma ɗaki ɗaya a gidanmu na Kankia, inda yake jin ƙugin motoci daga titi. Ni kuwa ina koyarwa a Kusada, kullum ina bisa babur.

Wata rana na nuna mashi hoton wata tsamiya da na ɗauka kusa da Mawashi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wa ya zauna a ƙarƙashinta?"

Na ce babu kowa.

"To a sa wani."

Haka muka ƙirƙiro tsohon. Yaya ne ya tsara shi: malamin makaranta ne da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, ba ya son gaban mota, kuma ba ya wuce mai shayi bai zauna ba. Na buɗe ma tsohon shafi a Facebook. Ba mu taɓa sa fuskar mutum ba. Takalmi a ƙofar masallaci, kofin da aka sha rabi, gyaɗa a shanye a Kunduru. Ni ke ɗauko hoto, Yaya ke faɗin abin da za a rubuta, layi ɗaya ko biyu. Wani lokaci yakan kore hoton, ya ce, "Ba zai tsaya nan ba, akwai hayaniya."

Mutane suka fara gaishe da tsohon, suna kiransa Baba. Wata 'yar kudu da ta girma a Kankia ta roƙe shi ya duba mata ko rijiyar unguwarsu tana nan. Na je na duba. An cike ta. Yaya ya sa na rubuta mata gaskiya, amma a hankali.

Da damina ta zagayo, ciwon ya taɓa harshen Yaya. Na ci gaba ni kaɗai, ina kwaikwayon maganarsa iya ƙoƙarina. Ba a jima ba matar nan ta rubuto: "Baba, maganarka ta canza. Lafiya dai ko?"

Na zauna bakin katifar Yaya na karanta mashi. Ya sa na maimaita. Sannan ya ɗaga hannun da ke motsi ya riƙe wayar a ƙirjinsa, hawaye na gangara ta gefen kunnensa. Ban karɓa ba sai da aka kira la'asar.