Ƙanƙara Ta Faɗi Ina Ɗakin Guga

Shekarar da autarmu ta tafi jami'a, gidanmu na unguwar Glenwood ya yi shiru har muna jin ƙugin firji daga ɗakin kwana. Maiɗakina ce ta fara kawo maganar tafiya. Wata abokiyar aikinta a asibiti ta nuna mata hotunan Alaska, na irin jirgin ruwan nan na yawon buɗe ido da ake ce wa kurus, wanda mutum yake kwana bakwai a ciki yana ci yana kallon duwatsu. Ta ce tana so ta ga dutsen ƙanƙara da idonta tun gwiwoyinta suna da sauran ƙarfi.

Ni kuwa tana rufe baki abin da ya faɗo mini a rai hoto ne. Na daɗe ina koyar da lissafi a wata kwaleji a nan Greensboro, kuma hotunan da nake turawa gida Kano duk kusan ɗaya ne: ni a gaban allo, ni a gaban mota, ni a ƙofar masallaci ranar Sallah. Sai na hango kaina cikin babbar riga, farar shadda mai aiki ruwan toka, hula ta ɗan karkace, ƙanƙara kuma ta tokare sama a bayana. Na san ranar da hoton nan ya shiga guruf ɗin danginmu, ƙanina mai turo hotunan Dubai zai yi mako guda bai ce uffan ba.

Da ta ga ina danna rigar cikin akwati ta ce, "Malam, can fa sanyi ake yi."

Na ce, "Minti biyar zan yi a cikinta."

Sai ta cusa mini safar hannu a gefen akwatin.

Kwana uku na farko sun wuce lafiya. Ta sami kujera a saman jirgin, kullum tana can cikin jaket da mayafi, tana kallon tsaunuka masu bishiyoyi har bakin ruwa. Ni na fi zama wajen abinci, ina binciken abin da babu naman alade a ciki, har ma'aikatan suka gane ni, da sun hango ni sai su nuna mini kifi. A rana ta huɗu aka sanar cewa da hantsi jirgin zai shiga wani lungun teku ya tsaya gaban dutsen ƙanƙarar, ya yi kamar awa ɗaya yana juyawa a hankali don kowa ya gani, sannan ya fito.

Na ciro rigar da safe na tarar ta yamutse kamar an kwana a kanta. Ba a barin dutsen guga a ɗakunan jirgi saboda gobara, sai dai mutum ya sauka can ƙasa, ɗakin wanki. Na ce da ita ta kama mana wuri, yanzu zan zo.

Ɗakin wankin ba shi da taga. Dutsen guga biyu ne, ɗaya ba ya zafi, ɗayan kuma wata Baturiya tana goge 'yar rigar jikarta da shi. Da ta gama na shimfiɗa babbar rigar a kan teburin gugar da faɗinsa bai wuce na allon makarantar allo ba. Duk wanda ya taɓa goge babbar riga ya san ba aikin minti biyar ba ne. Ka goge hannun dama, ka juyo hagu, na daman ya zube ƙasa ya sake yamutsewa. A Kano mai guga nake kai wa, a Greensboro maiɗakina ke yi, ranar ne na fara sanin yadin da ke jikin rigar nan ya isa a yi wa tagogin falonmu labule. Ina kan aikin wuya na ji wani ƙara daga nesa, kamar an tura ƙofar ƙarfe da ƙarfi. Na ce a raina masu dafa abinci ne, na ci gaba da guga.

Da na gama na sa rigar a nan, na hau lif, na fito ta ɓangaren da ba shi ba, na ratsa ɗakin caca da shagon turare mutane suna bina da kallo. Lokacin da na iso sama jirgin ya riga ya juya baya. Mutane suna ta saukowa, fuskokinsu ja saboda sanyi, kowa yana yi wa na kusa da shi bayani da hannu. Na tarar da maiɗakina riƙe da ƙarfen gefen jirgi, idonta da ruwa.

Ta ce, "Ya tsage, Malam. Wani ɓangare kamar gidan bene ya ɓalle ya faɗa cikin ruwa. Cikinsa shuɗi ne, ban taɓa ganin irin shuɗin ba. Har jirgin sai da ya motsa."

Na ce, "Ɗauke ni hoto tukun."

Ta ɗauka. A hoton ƙanƙarar tana can nesa kamar farin zare a bayan kafaɗata, iska ta kumbura rigar, ni kuma haƙorana suna haɗuwa. Duk da haka na tura. Ƙanina ya amsa da cewa rigar ta yi kyau, ina ƙanƙarar?

Ban shirya yin ƙarya ba. Jumma'ar farko bayan dawowarmu, muna tsaye a wajen ajiye motoci na masallaci, wani ya tambaye ni yaya tafiya. Na ce mun ga ƙanƙara ta tsage. Ban ce na gani ba, na ce mun gani, kuma a lokacin na ɗauka wannan bambancin ya wanke ni. Sai aka taru. Na ba da labarin yadda ta ba ni, da gidan benen, da shuɗin, da motsin jirgin. A wani suna da aka yi a East Greensboro benen ya zama hawa biyar. Zuwa babbar Sallah ruwan har ya fantsamo mini a fuska.

Sau biyu na ba da labarin maiɗakina tana wurin. Ba ta tona ni ba. A mota dai muna komawa gida ta ce, "Malam, ta dama ya faɗo ko ta hagu?" Na ce ta bari in kula da tuƙi.

Abin ya riƙa cina. Bayan shekara biyu na kawo mata maganar mu koma, na jera dalilai kamar ina gaban ɗalibai. Na ce wuri irin wannan ba a gama ganinsa a zuwa ɗaya. Na ce yanzu mun san jirgi, mun san abin da za mu ci, ba za mu ɓata kwana biyu muna neman lif ba. Ta saurare ni har na gama, tana gyaran alayyafo.

Ta ce, "Ni na ga nawa. In na koma ban ga kamarsa ba, zan ɓata wanda nake da shi. In na ga wanda ya fi shi, shi ma ya ɓata shi. Hutun bana wajen yayata zan je."

Na ce ai mutane da yawa suna komawa.

"Waɗanda suka bar wani abu a can," in ji ta, ta ci gaba da alayyafonta.

Da maganar ta mutu a nan, ba don Alhaji ba. Alhaji dattijo ne ɗan Maraɗi, yana da garejin gyaran motoci, yana zaune a Pleasant Garden, can bayan gari, cikin gida mai fili kamar gona. Ya fi kowa son labarina, sau uku yana sa ni in maimaita masa. Wata Asabar na kai masa motata, yana ƙarƙashinta ya ce, "Bon, Malam, na yanke shawara. Bana zan shiga baton nan naku, jirgin ruwan nan, in ga ƙanƙara. Hajiya ta ce ita ba ta hawa ruwa. Kai ka san hanya, tare za mu."

Na yi murna, na kuma tsorata. Na dawo gida na gaya wa maiɗakina kamar dole aka yi mini. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta sake cusa mini safar hannun.

Tafiya da Alhaji wata aba ce daban. Tsaunukan da suka hana maiɗakina zama a ɗaki, shi kallo ɗaya ya yi musu ya ce Allah mai iko, ya tafi neman wanda zai nuna masa injin jirgin. Ba a bar shi ya shiga ba, amma ya yi abota da wani ma'aikaci har ya san yawan man da ake sha. Ni kuma na gane cewa zuwa na biyu yana da nasa ciwon. Shagunan garuruwan da muke tsayawa su ne dai, da rigunan da aka rubuta sunan garin a ƙirji. Kifin shi ne. Wanda ke yi mana bayani a bas ya yi barkwancin da na ji shekara biyu da suka wuce, a daidai kwanar da na ji shi. Na yi dariya don kada Alhaji ya yi shi kaɗai.

Ranar ƙanƙara tun bayan sallar asuba na fita na kama wuri a gaba, jaket biyu a jikina. Alhaji ya zo daga baya da kofin shayi. Jirgin ya shiga lungun a hankali, ƙananan ƙanƙara suna yawo a ruwa suna ƙara kamar ana soya wani abu. Sai ga shi, bango fari da shuɗi daga wannan tsauni zuwa wancan, ya fi duk yadda na faɗa a labarina tsayi, kuma ban taɓa sanin yana da datti baƙi-baƙi a jikinsa ba, don maiɗakina ba ta faɗa mini ba. Muka tsaya muna jira.

Muka yi ta jira. Jirgin ya juya dama, ya juya hagu. Can wani ɗan guntu da bai fi buhun shinkafa ba ya zame ya faɗa ruwa, wasu suka tafa. Shi ke nan.

Alhaji ya ce, "Wancan karon ta ina ya faɗo?"

Na ɗaga hannu zan nuna, sai na ga hannun yana yawo tsakanin dama da hagu. Na sauke shi.

Na ce, "Alhaji, ban gani ba. Ina ƙasa ina guga."

Ya kurɓi shayinsa. "Babbar riga," ya ce. "Fara."

Na juyo na dube shi.

"Hajiya ta gaya mini tun shekarar. Matarka ta ba su labari a wajen kitso, sun yi dariya har ɗaya ta ƙware. Ai matan garin nan kaf sun sani."

"Shi ne ka sa ni na maimaita maka sau uku?"

"Kana ba da shi da daɗi," in ji shi. "Kuma ina so in ga hawa nawa benen zai kai."

Na tsaya ina lissafa wuraren da na ba da labarin nan, da matan da ke zaune a gefe suna gyara ɗankwali suna kallon ƙasa, ni ina zaton kunya ce. Sanyi yana dukana amma kunnuwana zafi suke yi. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce in daina, in kalli abin da na zo kallo, ga jirgi zai juya. Na kalla. Wasu dabbobin ruwa masu kama da karnuka marasa kunne suna kwance a kan ƙanƙara suna shan hantsi, ko ɗaga kai ba su yi mana ba. Na ga shuɗin da ta faɗa, a cikin wata tsaga, kuma gaskiyarta, ban san sunansa ba ni ma.

Da na dawo maiɗakina ta zo ɗaukata a filin jirgi. Mun hau babban titi kafin ta ce, "Ya faɗo?"

Na ce, "Buhun shinkafa guda."

Ta yi dariya har sai da ta rage gudu. Na ce mata ashe ta gama da ni a wajen kitso. Ta ce ita gaskiya kawai ta faɗa, kuma sau ɗaya ta faɗa, ba ta ƙara ko hawa ɗaya ba. Daga nan ta tambaye ni dabbobin, ta ce ita ba ta gan su ba wancan karon. Na ba ta labarinsu yadda suke, su huɗu, ɗaya ƙarami. Har muka iso gida tana tambaya ina amsawa.

Alhaji kuwa bara ya sake komawa, ya lallashi Hajiya ta bi shi, bana ma ya ce zai je. Na tambaye shi me yake gani a can da bai ƙare ba. Ya ce shi ba ƙanƙara ke kai shi ba. Kwana bakwai waya ba ta kama shi, babu mai kiransa ya ce motarsa tana wani ƙara, kuma a duniya bai san wani wuri da ake samun haka ba. Ya ce in zo mu je na uku. Na ce a'a, na gode, ni na ƙoshi.

Sai ya ce to tunda ina gari, in riƙa leƙa masa kajinsa. Haka na yi mako guda ina tuƙi zuwa Pleasant Garden kowace safiya kafin aji, in zuba musu hatsi, in canza ruwa, in kwashe ƙwai. Akwai wani jan zakara da bai yarda da ni ba tun ranar farko. Ranar Laraba ya biyo ni da gudu har bakin mota, na shiga aji da tabon laka a wandona, ɗalibai suna tambaya ko faɗuwa na yi.