Murjanin Tsohuwa Mai 'Ya'ya Goma

Shekaranjiya motar da na shiga daga Takieta ta kife da mu. Amma kakata nake son tunawa.

A gidanmu na Kara-Kara, in an sauke tuwon dare, Kaka ba ta bari a kashe murhu. Sai ta ja tabarma kusa da garwashi, ta ɗauko faifan duwatsun jigida, sana'arta ke nan, mu jikoki mu kewaye ta. "Ga ta nan," in ji ta, "mai kunne ya matso, mai gyangyaɗi ya ba mu wuri."

Wadda na fi so ita ce ta wata tsohuwa a Damagaram ta da, mai 'ya'ya goma da suka bi ayarin gishiri. Ciwon ajali ya kama ta, ba ta kuwa san nawa hamada za ta maido ba. Dukiyarta murjani ne. Ta yi ta ƙirga, tana ƙarawa tana ragewa, har ta tsaya a dubu biyu da ɗari biyar da ashirin, sauran ta yi sadaka. Ko biyu suka dawo, ko bakwai, ko tara, ko duka goman, rabo zai tashi daidai, ba ƙwaya ɗaya da za ta saura a yi faɗa a kanta.

"Kaka, nawa suka dawo?"

"Ja'ira, ni na raka su? Zaɓi da kanki, ki raba."

Sai mu yi ta zane a toka muna neman ƙure ta. Ba mu taɓa iyawa ba.

A koleji malamin lissafi, wanda muke kira Mushe, ya tambayi adadi mafi ƙanƙanta da ɗaya har goma ke rabawa ba saura. Kafin ya ajiye alli na faɗa.

"Wa ya koya miki?"

"Kakata, Mushe."

"A wace lakwal ta yi karatu?"

"Ta jigida."

Shekaranjiya, a gefen hanya, wata dattijuwa da muka zauna kujera ɗaya tana kwance a cinyata, jini a goshinta, idonta na rufewa. Wani ya yi ihu kada a bar ta ta yi barci kafin motar asibiti ta iso. Tsoro ya kwashe min komai a kai, ban da tatsuniyar Kaka. Na ba ta ita ina kuka.

"Inna, in takwas suka dawo, nawa-nawa? Buɗe ido!"

"Wannan yarinya da fitina kike," in ji ta. Can ta ce, "Ɗari uku... da sha biyar."

Muna kan rabon mutum tara motar asibiti ta iso.

Da, wayon lissafi na ɗauka. Yanzu na gane uwa ce ta dubi abin da take tsoro ido da ido, ta yi masa shiri, kuma wadda ba ta taɓa riƙe alli ba ce ta koya min.

Jiya na je duba dattijuwar. Ta riƙe hannuna, ta ce, "To 'yar nan, nawa suka dawo?"

Na ce, "Duka goman, Inna."