Kujerar Mai Tattasai

Akwai wata safiyar Laraba da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba. A lokacin ina koyarwa a jami'a, a Diffa. Wani tsohon ɗan kasuwar tattasai ya rasu, ya bar waƙafi don a kafa kujerar farfesa da sunansa: wanda aka ba ita zai zauna yana binciken kogin Komadugu da noman bakinsa, ba tare da damuwar abin aiki ba. Mu biyu muka nema, ni da wata abokiyar aikina.

Ba zan ɓoye ba, na riga na zauna kan kujerar nan a zuciyata. Har launin labulen ofis na zaɓa. Dosiyena, wato kundin rubuce-rubucen da na gabatar, ya ninka nata kauri, duk da cewa tun da tsaro ya taɓarɓare ban sake taka bakin kogi ba. Daga hotunan tauraron ɗan'adam nake rubutuna, cikin sanyin fanka.

Ranar Larabar, kwamitin tantancewa ya karanta takardunmu, ya yi tambayoyinsa, na amsa ina jin daɗin muryata. Sai shugaban ya ce wasiyyar ta ba iyalin mamacin damar tambaya guda. 'Yarsa, wata Hajiya dattijuwa da ke gefe tun safe, ta gyara mayafi.

"Malam," ta ce da harshenta na Barebari, "bana da ruwan farko ya iso kogin, yaya ka gan shi?"

Sai na ji ɗakin ya yi nisa. Na ga kaina ina ƙarami, riƙe da hannun babana a busasshen gadon kogi, ruwa yana tahowa a hankali kamar maciji, da kumfa da karan gero a bakinsa, yashi yana shan sa yana ƙamshi. Na ba ta labarin duka, har idona ya ciko.

Ta saurara har na gama, sannan ta yi murmushi. "Wannan ruwan babanka ne, ɗana. Na bana nake tambaya."

Abokiyar aikina kuwa, da aka yi mata tambayar, ta ce bana ya zo da wuri, ja wur, ya cinye irin tattasan mutanen da suka yi gudun hijira zuwa Assaga, kuma tana tsaye tare da su ranar da suka sake yafawa.

Ita aka ba kujerar. Na ji zafi ƙwarai, na yi makonni ina gaishe ta sama-sama. Amma da daminar ta zagayo, ni na roƙe ta ta tafi da ni bakin kogin. Na cire takalmi na tsaya cikin yashi har ruwan ya taɓa ƙafata.

Ranar na gane cewa ba a riƙe amanar abu da tsohon sani. Kogin da nake ƙauna ya daɗe da wucewa, ni kuma ban je na gaida wanda ya zo ba.